Gas da mai masu araha a Damagaram: wa ke biyan cikon?

A farashin gwamnatin Nijar, tukunyar gas mai kilo 6 sefa 1,800 ce, wato jika ɗaya da dala 160, babba mai kilo 12.5 kuma 3,750. Kowace ka ɗauka, kilo ya kama 300. An sauko da shi haka bayan matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, don mata su rage girki da icce, daji ya huta.

Sai dai farashi aka ɗaure, kuɗin tacewa, cikawa, dako da ribar mai shago suna nan yadda suke. Abin da mai saye bai biya ba, ko gwamnati ta yafe harajinta a kai, ko kamfanonin ƙasa su haɗiye asarar, ta zama bashi. Duka biyun aljihun jama'a ne.

A man fetur lissafin ya fi fitowa fili. A Yulin 2024 lita ta sauko daga 540 zuwa 499. Sefa 41 kamar ba komai ba, amma a tanka mai lita 30,000 ya kai 1,230,000. Ƙarfin SORAZ ganga 20,000 ne a rana. Da can ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da man sumoga, ke cike giɓin abin da matatar ta kasa da man Najeriya. Tun da aka cire tallafi a can cikin Mayun 2023, kowa ya dawo gidan mai, kaya ma suka juya, na nan ke tsallaka iyaka ta wajen Magaria da Matameye. Abin da matata ta kasa, sai an sayo shi da tsada a sayar da araha. Dogayen layukan gidajen mai na Maris 2025 ba su zo da mamaki ba.

Wa ya fi cin moriya? Mai mota biyu, da gidan da ke ƙona babbar tukunya uku a wata. Matar ƙauye a bayan Mirriah ba ta ma kai ga cikawar ba, don kuɗin sayen tukunyar farko da kan murhu ne ya tsaya mata. In gas ya yi ƙaranci kuwa, 1,800 a takarda take tsayawa, mai shago ke yanke nasa.

A ganina tallafin ya fi amfani a kan tukunyar farko da murhunta: sau ɗaya ake biya, ana iya rubuta sunan gidan da ya karɓa, kuma tun kafin a fara an san iyakar kuɗin da za a kashe.