Abin da 'yan kyanwar Alhaji suka koya mini

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki a wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a nan Bauchi. Ga masu shigowa bayana, musamman masu kwanan dare, ga abin da na tsinta.

Ana tsakiyar hunturu wani Alhaji ya kawo mana kyanwa irin Maine Coon da jariranta. Asalin irin nan jihar Maine ce ta Amurka. Muzurunsu kan kai kilo 8, amma muryar ba ta bi girman jikin ba. Ba su cika yin "miyau" irin na kyanwar gida ba, wani siririn "kirrr" suke yi kamar tsuntsu. Da shi uwa ke kiran 'ya'yanta, su ma in sun tasa da shi suke tarbar mutum.

Jaririn da ke tsala ihu bai cika ba ni tsoro ba: yunwa ce, ko sanyi, ko ya ɓace wa uwarsa, kuma yana da ƙarfin faɗa. Wanda ya dame ni shi ne ƙaraminsu, da ya koma gefe, ya daina kama nono, jikinsa ya yi sanyi, sai gurgur ɗin maƙogwaro a hankali. Kyanwa na yin gurgur in tana jin daɗi, tana kuma yi in tana cikin ciwo. A makonni 3 na farko kuwa jariri ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa da kansa.

Na ce, "Dakta, ranka ya daɗe, wannan ba gurgur ɗin ƙoshi ba ne. A bari in naɗe gorar ruwan ɗumi a tawul, ya ɗumama kafin a ba shi komai."

Ya ce, "Kai da diflomarka za ka koya mini kyanwa? Ɗura masa madara."

Cikin da ya yi sanyi ba ya narkar da madara. Kafin asuba ya mutu. Da Alhaji ya zo, a gabana Dakta ya ce mai kwanan dare ne ya bar taga a buɗe. Aka yanke mini albashi. Tagar nan ni na toshe ta da kwali tun farkon Disamba, kuma ya sani.

Sauran darussan ba su da tsawo. Huci na nufin tsoro, ja da baya. Madarar shanu na sa su zawo. In zafin Afrilu ya zo ka ga mai gashin nan tana haki baki buɗe, kada ka jira. Duk abin da ka faɗa wa babba kuma, rubuta shi a littafin aiki da lokacinsa, ka sa hannu.