Kuza, kanwa da wayar Kawu

Ɗiyar yayata za ta zauna WAEC bana, kuma tun hutun da ya wuce uwarta ta ɗora mini ita. Hujjarta ɗaya ce: "Ai kai ne ka karanta kimiyya a gidan nan." Na karanta kam, amma rabona da littafin kemistiri ya haura shekara goma. Yanzu gyaran waya nake yi a Taminus, daga safe har la'asar sakaliya ina kan allon waya da ƙarfen liƙa dalma. Makarantar yarinyar tana da ɗakin gwaje-gwaje a suna, kwalabe jere a kanta, galibinsu babu komai ciki sai ƙura. Don haka abin da muke da shi ke nan: tabarma a falon gidansu a Unguwar Rogo, bargo saboda sanyin Jos, da wayata.

Daren farko na gane matsalarta. Ta haddace sinadarai ashirin na farko na jadawalin sinadarai tsaf, tana rera su kamar karatun allo, amma da na ce ta nuna mini ɗaya daga cikinsu a cikin gidan sai ta yi shiru. Na zaro zaren dalma daga aljihu na ajiye a gabanta, na buɗe Ptable. Shafi ne na jadawalin sinadarai wanda kowane gida a cikinsa yake buɗuwa in ka taɓa shi. Na ce ta nemo lamba 50. Ta taɓa, ga Sn, nauyinsa 118.71, yana narkewa a wajen digiri 232.

"Kawu, me ya haɗa Sn da sunansa na Turanci, tin?"

Na ce daga Latin ne, stannum. Kuma wannan shi ne ƙarfen da ake fitarwa daga kuza, baƙin yashin nan da ya kawo kakanta Bukuru daga ƙasar Kano yana saurayi. Kuza a rubuce SnO₂ ce. Kududdufan da take gani a Rayfield ramukan haƙarta ne ruwa ya cika. Kasuwar ta durƙushe ne lokacin da farashin duniya ya faɗi a 1985, tun kafin a haifi uwarta ma. Daga nan ita da kanta ta nemo lamba 41 da 73, nayobiyam da tantalam, waɗanda ake samu a cikin kwalambayit, wani ma'adini da ake haƙowa tare da kuza. Na gaya mata tantalam yana cikin wasu ƙananan kafasito, masu riƙe cajin lantarki, na irin allunan da nake gyarawa. Zaren da ke gabanta kuwa haɗi ne, kashi 63 na Sn da kashi 37 na Pb, wato dalma zalla, yana narkewa a digiri 183, ƙasa da kowannensu shi kaɗai. Wannan ya ɗaure mata kai, ni ma ya taɓa ɗaure mini.

Abin da na fi so a Ptable shi ne wani ɗan layi na ma'aunin zafi da ake ja da yatsa. Kana ja, sinadaran suna sauya launi, wanda yake daskararre ya koma ruwa, ruwa ya koma iska. Mun tsaya a kan galiyam, lamba 31, da ke narkewa kafin digiri 30 ya cika. A watan Disamba a Jos zai zauna daram a faranti. Kai shi Sakkwato a watan Afrilu ka tarar da shi ya kwanta. Shi ne ɗaya daga guraben da Mendeleev ya bari a buɗe a jadawalinsa na 1869, aka gano shi a 1875 ya shige gurbin daidai. Jadawalin bayan tsohon littafina a 103 ya tsaya. Yau 118 ne, huɗun ƙarshe da aka raɗa wa suna sai a 2016.

Inda ta fi shan wuya shi ne daidaita lissafin haɗuwar sinadarai. Nan PhET ya cece mu. Jami'ar Kolorado da ke Amurka ce take yin sa, Carl Wieman ya kafa shi a 2002, shekara ɗaya bayan ya karɓi lambar Nobel ta fiziks. Kyauta ne, kuma abin da ya sa na riƙe shi hannu biyu shi ne ana iya sauke kowane gwaji a waya a yi aiki da shi ba data. Ni a shago nake saukewa da rana, da dare ko sabis ya ɗauke ba ruwanmu. A gwajin daidaitawa akwai sikeli, irin na masu nama. Aka ba ta N₂ da H₂ ta haɗa amoniya. Ta ƙara nan, sikeli ya rinjaya can. Ta rage can, ya rinjaya nan. Na kame bakina da ƙyar. Da ta kai ɗaya, uku, biyu, sikelin ya tsaya cak, wata fuska mai murmushi ta bayyana. Ta yi ihu har uwarta ta leƙo daga kicin. Na ce wannan amoniyar da ita ake yin takin yuriya da manoman dankalin Bokkos ke rububi a damina.

PubChem kuwa kamar babban kantin magani ne da aka bar maka a buɗe. Cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka ce ta buɗe shi a 2004, sinadaran da ke ciki sun haura miliyan 100. Ka rubuta suna, ya ba ka tsarinsa, nauyinsa, haɗarinsa, da hoton da za ka juya da yatsa. Mun fara da abin da ke hana kakarta barci in ta ci goro da dare, wato kafeyin, C₈H₁₀N₄O₂, nauyi 194.19. Sai dai shafin ba don 'yan sakandare aka yi shi ba, yaro na iya nutsewa a ciki. Kuma can muka yi tuntuɓe. An ba ta tambaya a kan sodar wanki mai ruwa a jikinta, Na₂CO₃·10H₂O, ta je ta kwaso nauyin busasshiya, 105.99, alhali wadda ake nufi 286 ce da ɗoriya. Lissafin shafi guda ya tafi a banza. Laifin nawa ne, ni na ce ta duba ban ce ta karanta sunan har ƙarshe ba. Tun ranar dokarmu ita ce ta fara haɗa nauyin da hannu, sannan ta leƙa ta tabbatar. A ɗakin jarrabawa ma ai lambobin da aka ba ka a ƙasan tambaya da su za ka yi aiki: Na 23, C 12, O 16, ka samu 106, ba ruwan mai maki da 105.99.

Manhajojin nan da ake yi wa tambaya su amsa kamar mutum, ban hana ta ba, don ko na hana ƙawayenta na da su. Suna da daɗin bayani. Amma na taɓa kama ɗaya ta jero matakai masu kyau sannan ta ninka lamba ba daidai ba, ba ko kunya. Duk lambar da ta fito daga can sai ta bi ta kalkuleta.

Sauran ba sai na tsawaita ba. LibreTexts, wanda ya faro a Jami'ar Kalifoniya ta Davis a 2008, shi nake karantawa a ɓoye kafin in zo, kada a ga Kawu ya manta. OpenStax na ba da cikakken littafin kemistiri kyauta, a sauke sau ɗaya a huta, amma ya fi ƙarfin manhajar WAEC, sai an tsince. Bidiyon Khan Academy da na farfesan nan mai farin gashi buzu-buzu na Jami'ar Nottingham, Martyn Poliakoff, suna da kyau, sai dai suna shan data kamar raƙumi ya samu rijiya. Mu ranar Juma'a kaɗai muke kallo.

A LibreTexts ne na sake tuna cewa digiri 100 da ake cewa ruwa na tafasa, a bakin teku ne. Jos tana kan tudu mai tsayin mita kusan 1,200, iskar da ke danne ruwan ba ta kai ta Legas nauyi ba, don haka a nan wajen digiri 96 yake tafasa. Na ce wa yarinyar shi ya sa wake ke ɗan jinkiri a garin nan. Yayata, da ke jin mu, ta ce ita dai ta san in ta jefa kanwa magana ta ƙare.

Shi ke nan aka koma kan kanwa. Da Turancin kasuwa ana kiranta fotash, sunan da ke sa ɗalibi ya zaci fotasiyam ce a ciki, alhali galibinta gishirin sodiyam ne, dangin waccan sodar da ta kayar da mu. Na sa aka jiƙa zoɓo, aka zuba a kofuna uku na gilashi. Na farko muka bar shi. Na biyu ta matsa lemon tsami, jan ya ƙara haske. Na uku ta ɗiga ruwan kanwa da cokali, a kan idonta ya rine ya koma duhu mai ratsin kore. Ta buɗe gwajin pH, ma'aunin ƙarfin asid, na PhET kusa da kofunan, tana kallon allo tana kallon tebur.

"Kawu, ashe zoɓo ma yana nuna asid?"

Kafin in amsa yayata ta ɗauke kofi na biyu ta shanye, ta ce na ukun mu san yadda za mu yi da shi, kuma kanwar da muka ɓata ta miyar gobe ce.

Har yanzu yarinyar ba ta taɓa riƙe bureti ba, dogon bututun gilashin nan mai famfo da ake auna ruwan sinadari da shi, kuma a jarrabawar gwaji sai ta buɗe famfonsa da hannunta ta tsayar da shi a kan ɗigo ɗaya. Wannan babu wayar da za ta koya mata. Wani abokin karatuna yana koyarwa a wata makaranta ta hanyar Zariya, ya ce mu zo ranar Asabar da ƙarfe goma, mu taho da tsarkakakken ruwan batir lita biyu don nasu ya ƙare.