Wasiƙa daga Bandung: makaɗan da suke riƙe kansu da kansu

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu karatu na gida. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina rubuto muku ne daga Bandung, babban birnin lardin Java ta Yamma a ƙasar Indunusiya, wadda yawancinmu muka fi saninta da Indomie da kuma yawan alhazanta. Zancen da zan kawo muku na wasu matasa ne masu kiɗan rok mai tsanani, irin wanda ake kira hadko da fank da metal, kiɗan da ake yi da jitar lantarki da ganguna cikin sauri, mawaƙin kuma yana ɗaga murya har ta zama ihu. Ban ce zai yi wa kunnen Bahaushe daɗi ba, kuma su kansu mutanen ƙasar da yawansu dangdut, wani kiɗan rawa na can, suka fi saurara. Abin da ya sa na ga ya dace ku ji labarinsu shi ne yadda suka shafe fiye da shekara 30 suna tafiyar da sana'arsu ba tare da sun jira wani kamfani ko uban gida ba.

Harkar ta kankama ne a shekarun 1990, lokacin mulkin Suharto, sa'ad da manyan kamfanonin faifai na Jakarta ba su da sha'awar irin wannan hayaniya. A 1993 ƙungiyar Pas Band ta fitar da kaset ɗinta ba da hannun babban kamfani ba, ya kuwa samu karɓuwa, sai sauran suka gane cewa ƙofar a buɗe take. Puppen ta zama jagorar hadko a cikin gari, yayin da a Ujungberung, wata unguwa ta masu ƙaramin ƙarfi a gabashin birnin, aka samu Jasad da kuma Burgerkill, wadda marigayi Eben ya kafa a 1995. Matattararsu a wancan zamani ita ce Saparua, wani zauren wasannin motsa jiki, inda ƙungiyoyi da yawa kan hau dandamali ɗaya bayan ɗaya tun daga rana har dare.

Sai dai abin da ya ɗaure wa harkar gindi ba kaset ba ne, riga ce. Da tattalin arzikin Asiya ya durƙushe a 1997 da 1998, kuɗin ƙasar, rufiya, ya faɗi daga kimanin 2,500 a kan dala ɗaya zuwa sama da 16,000, kayan waje suka fi ƙarfin matasa. Waɗanda a da suke sayen rigunan ƙungiyoyin Amurka da Ingila sai suka koma buga nasu, kasancewar Bandung dama gari ne na masaƙu da maɗinka. Daga nan ƙananan shagunan da ake kira distro suka yaɗu, inda ake ajiye kaset da riga da 'yar mujallar da aka yi wa hoto a injin kwafi, mai shago ya sayar ya cire lada ya ba ƙungiya sauran. Na shiga wani ɗakin buga riguna a bayan wani gida, na tarar da samari biyu suna aiki: ɗaya yana shimfiɗa baƙar riga a kan allo, ɗayan yana jan farin fenti a kan raga da wani faffaɗan roba, sannan a rataye ta a igiya ta bushe. Mai jan fentin shi ne mai gangar ƙungiyar, kuma ya gaya mini cewa kuɗin ɗaukar waƙoƙinsu a sutudiyo daga wannan igiyar yake fitowa, domin abin da ake samu daga sauraro a intanet bai taka kara ya karya ba.

Haka wasanninsu suke. Ƙungiyoyi kan yi karo-karo su kama ƙaramin ɗaki da lasifika, a ajiye teburin riguna a bakin ƙofa, a karɓi ɗan abin da bai kai kuɗin abincin rana biyu ba. A gaban dandamali matasa na ture juna suna zagayawa kamar faɗa ake yi, amma da zarar wani ya faɗi hannuwa sun ɗaga shi. Idan magariba ta yi sai a kashe na'urori, masu salla su nufi masallacin unguwa da baƙaƙen rigunansu, a dawo a ci gaba.

A ganina raunin wannan 'yanci wuri guda yake, wato wajen taro da takardar izini, abubuwa biyu da ba a buga su a bayan gida. A ranar 9 ga Fabrairun 2008, wajen ƙaddamar da faifan ƙungiyar Beside a wani zaure da ke titin Braga, jama'a suka fi ƙarfin wurin, aka yi turmutsutsu a ƙofa, mutum 11 suka rasu. Bayan haka samun izinin 'yan sanda ya yi wuya ƙwarai, masu zaure suka riƙa gudun duk wanda ya zo da baƙar riga. Mutanen Ujungberung ba su watse ba: wasunsu suka juya ga karinding, wani ɗan kayan kiɗan gora na ƙabilar Sunda da ya kusa ɓacewa, suka farfaɗo da shi, har ya zama ana gayyatarsu wuraren da a da ba za a bar su su shiga ba. A Banda Aceh kuwa, babban birnin lardin Aceh da ake aiki da shari'ar Musulunci, a Disamban 2011 'yan sanda suka kama matasa 'yan fank fiye da 60 a wani wasa, aka aske musu kai, aka tsare su kwana 10 a makarantar 'yan sanda da sunan gyaran tarbiyya.

Waɗanda suka yi nisa sun yi. Burgerkill ta hau dandamalin bikin Wacken na Jamus a 2015, sannan a 2024 Voice of Baceprot, 'yan mata uku masu hijabi da suka fara kiɗa a wata makarantar Islamiyya a Garut, suka yi wasa a Glastonbury na Ingila, abin da wata ƙungiyar ƙasar ba ta taɓa yi ba. Wasu kuma, irin su Superman Is Dead ta tsibirin Bali da ta sa hannu da kamfanin Sony a 2003, sun sha gorin cewa sun sayar da kansu, gorin da nake ganin ya fi sauƙi a bakin wanda ba shi da iyali.

Amma maganar hukuma ba ta ƙare ba. A Fabrairun 2025 Sukatani, ƙungiyar mutum biyu daga Purbalingga da suka saba wasa fuska a rufe, suka bayyana a wani bidiyo fuska a buɗe suna ba 'yan sanda haƙuri, suka kuma janye waƙar da suka yi a kan karɓar na goro. Mawaƙiyar, wadda malamar firamare ce, ta rasa aikinta. Cikin 'yan kwanaki ɗalibai masu zanga-zanga suka riƙa rera waƙar a kan tituna, rundunar 'yan sandan kuma ta sanar da cewa tana binciken jami'an da suka je wurin mawaƙan, aka kuma ce suna iya mayar da waƙarsu.

Ku isar da gaisuwata ga kowa da kowa. Wassalam.

Ɗan'uwanku a Bandung