Awon tudu da gangare kafin a haƙa harsashi

Duk wanda ya sayi fuloti a bayan garin Katsina, ko ta hanyar Batsari ne ko ta hanyar Daura, abin da ya fi damunsa shi ne a nuna masa kusurwoyi huɗu na filinsa, a kafa duwatsun iyaka, a ba shi takarda mai sa hannun safiyo. Wannan awo ne na tsawo da faɗi, kuma shi ne ke hana rigima da maƙwabci. Amma akwai awo na biyu wanda da wuya ka ji mai fili ya nema, wato awon tudu da gangare, wanda ke bayyana wace kusurwa ce ta fi bisa, da kuma santimita nawa ta ɗara sauran. A ganina, a ƙasa irin tamu inda ruwan shekara ke zuba da ƙarfi cikin 'yan watanni tsakanin Yuni da Satumba, awon nan na biyu bai kamata ya zama na masu gina hanya da madatsun ruwa su kaɗai ba.

Tushen aikin ba baƙo ba ne ga maginanmu. Idan magini ya cika siririn tiyo da ruwa, ya riƙe baki ɗaya a jikin bango, yaronsa ya riƙe ɗayan a can nesa, ruwan da ke bakuna biyun zai tsaya a bisa ɗaya, kuma da wannan ne suke fitar da lebul. Na'urar lebul ta safiyo ita ma abin da take yi ke nan, sai dai ita da gani take aiki. Madubin hangen nesa ne da ake ɗorawa a kan ƙafafu uku, a juya kusoshin da ke ƙarƙashinsa har kumfar da ke cikin gilashi ta zauna a tsakiya, daga nan duk inda aka juya shi, layin da ido ke bi a kwance yake, bai karkata sama ko ƙasa ba. Sai mataimaki ya tsayar da sandar awo, mai tsawon mita 4 ko 5 wadda aka zana wa santimita, a kan wurin da ake so a auna, mai na'ura ya karanta lambar da zaren cikin madubin ya yanka.

Ana farawa ne daga wata tabbatacciyar alama wadda aka san tsayinta, ko aka yanka mata tsayi, misali ƙusar ƙarfe da aka binne cikin kankare aka ce tsayinta mita 100.000 ne, wato mita ɗari cif. Idan aka ɗora sanda a kanta aka karanta 1.425, to layin ganin na'ura yana kan mita 101.425. Wannan karatu shi ne duban baya. Idan aka matsar da sandar zuwa wata kusurwar fili aka karanta 1.870, sai a cire shi daga 101.425, a sami 99.555, wanda ke nufin kusurwar ta gaza alamar da santimita 44 da rabi. Abin da ke rikita sabon shiga a nan shi ne cewa babbar lamba a jikin sanda kwari take nunawa, ƙaramar lamba kuwa tudu, domin gwargwadon yadda ƙasa ta yi ƙasa, haka sandar ke nutsewa a idon mai kallo.

Idan tafiyar ta yi nisa dole a ɗauke na'ura a kai ta gaba, kuma a wannan gaɓa ce yawancin aikin ke lalacewa. Kafin a ɗauke ta ana yin duban gaba, wato karatun ƙarshe daga inda take zaune, a kan wani wuri, mai sanda ya tsaya cak a nan, sai an sake kafa na'ura an yi duban baya a kan wannan wuri ɗin dai kafin ya motsa. A ƙasar Katsina mai yashi, musamman da rani, sanda na iya nutsewa 'yan milimita yayin da mai riƙe da ita ke juya fuskarta, shi ya sa ake neman dutse mai ƙwari ko a buga turke ko a ajiye farantin ƙarfe. Ƙwararren mai sanda kuma yakan riƙa karkaɗa ta a hankali gaba da baya, mai na'ura ya ɗauki mafi ƙarancin lambar da ya gani, domin a lokacin ne sandar ke tsaye sosai. Ni dai na fi ganin darajar mai sanda mai haƙuri a kan tsadar na'ura.

Lissafin yana da hanyar binciken kansa, wadda ba a tsallake ta. Jimillar duban baya idan aka cire mata jimillar duban gaba, dole ta yi daidai da bambancin tsayin wurin ƙarshe da na farko. Sai dai wannan lissafin littafi kawai yake tantancewa, ba ya kama kuskuren karatu, don haka ake rufe aiki ta hanyar komowa kan alamar da aka faro, a ga ko za a sake samun 100.000. Ba a cika samun sa cif ba. Ƙa'idar da aka saba bi a aiki na yau da kullum ita ce kada saɓanin ya wuce milimita 12 a tafiyar kilomita 1, ko milimita 24 a kilomita 4, idan ya wuce kuwa sai a sake aikin.

Akwai kuma dalilin da ya sa ake son na'ura ta zauna a tsakiyar wurare biyun da ake dubawa, kuma kada nisan kowane gefe ya wuce kamar mita 50 zuwa 60. Idan layin ganinta ya ɗan karkata, kuskuren da ya shiga duban baya shi ne zai shiga duban gaba, sai su kashe juna wajen ragi. Haka nan doron duniya a lanƙwashe yake, yana kauce wa miƙaƙƙen layi da kusan santimita 7.8 a nisan kilomita 1, ko da yake lanƙwasar haske a cikin iska na rage wannan zuwa kusan 6.7. A mita 50 abin bai kai ko milimita 1 ba. Da tsakar rana a watan Afrilu kuwa, zafin da ke tashi daga ƙasa yakan sa lambobin sanda su riƙa rawa a cikin madubi, saboda haka aikin kirki da sassafe ake yin sa ko bayan la'asar.

A manyan ayyuka ba a yanka wa alama tsayi da ka. Ana ɗaure ta ne da alamun gwamnati, waɗanda tsayinsu ya samo asali daga matsakaicin tsayin ruwan teku a Legas, kamar yadda tsohon tsarin awon tsawo da faɗi na ƙasar nan ya samo asali daga wata alama da ke Minna. Da wannan ma'auni ne ake cewa birnin Katsina ya ɗara teku da mita 500 da 'yan kai. Lambar tsayi da wayar hannu ke nunawa ba ta shiga wannan magana, domin kuskurenta kan kai mitoci da yawa.

Lambobi a littafi ba sa nuna siffar fili sai an mai da su zane, kuma nan ne layukan kwanto ke shigowa, wato layukan da kowannensu ke haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne. A ƙaramin fili akan buga turaku a jere, mita 10 tsakanin kowane biyu ta kowace fuska, a auna tsayin gindin kowanne. Idan wani turke ya ba da 99.80, na kusa da shi ya ba da 100.30, to layin mita 100.00 zai ratsa tsakaninsu a mita 4 daga na ƙasan, bisa zaton cewa gangaren bai canja ba a tsakani. Da an haɗa ɗigogin sai filin ya fito. Inda layuka suka matsu da juna gangare ne mai tsanani, inda suka buɗe shimfiɗa ce. Ba sa gittawa juna, kuma ruwa yana yanke su ne kai tsaye yana bin ƙasa. Inda suka lanƙwashe suka yi tsini mai duban tudu, hanyar ruwa ce ko da a bushe take, inda kuma suka zagaye suka rufe, lambobi na raguwa zuwa ciki, wurin kwanciyar ruwa ne.

Tazarar da aka zaɓa tsakanin layi da layi ita ce ke sa zane ya yi amfani ko ya zama ado. Tsofaffin taswirorin gwamnati masu ma'aunin 1:50,000 sun yi amfani da tazarar ƙafa 50, wato fiye da mita 15, kuma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Katsina da Daura unguwa guda kan iya zama tsakanin layi biyu ba tare da ko ɗaya ya taɓa ta ba. Fuloti ko sabuwar unguwa na buƙatar tazarar rabin mita ko santimita 25. Na taɓa tsayawa da wani dattijo a filinsa da rani, ya dube ni ya ce, "Malam, ai filin nan a shimfiɗe yake kamar faifai, me za a auna?" Na ce masa, "Alhaji, mu dai bar sanda ta faɗa." Da aka zana, sai ga layukan sun yi tsini ta tsakiyar filin daidai inda ya yi niyyar sa ɗakunan kwana, kuma bakin titin da yake fatan ya zubar da ruwan gidansa ya fi tsakar filin bisa.

Irin wannan ne ke haifar da abin da muke gani a sababbin unguwanni, inda kowa ke kiran tifa ya yi ciko da ido don ya ɗara maƙwabcinsa, ruwan kuma ya taru a gidan wanda ya riga kowa gini. A cikin tsohon gari kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ne ke karɓar ruwan sama, kuma duk wanda aka cike aka gina a kansa, ruwansa sai ya nemi wani kwarin. Lambatu mai gangaren 1 cikin 200 yana buƙatar faɗuwar santimita 50 a tsawon mita 100, don haka wurin da ya kamata a fara ɗora sanda shi ne gindin kwalbatin da ruwan unguwa zai fita ta cikinsa, daga can a yi lissafi a dawo baya zuwa bakin ƙofa, sannan a yanke tsayin daɓen gida.