Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da na ce wa Baturiya angona yayana ne

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya ne a inda jirgi ya sauke ni a Amurka ranar Litinin 20 ga Maris, 2017, Yaya, wato wanda zan aura, ya ɗauko ni ya kai ni gidan Hajiya, wata 'yar zangon Kumasi da ta daɗe a jihar Ohayo. Ba a ɗaura aure ba tukuna, babu halin in sauka a gidansa.

Masu tambaya me ya hana a ɗaura tun a Zariya, ga amsarku. Bizar da na shigo da ita, K-1, ta wadda aka yi wa baiko ce. Da an shafa fatiha a gida, na zama matar aure ke nan a idon hukumar Amurka, bizar ta tashi aiki, sai a koma a bi layin matan aure daga farko. Sharaɗinta kuma a ɗaura cikin kwana 90 daga ranar da mutum ya taka ƙasar. Baffa ya sha faɗa a kan wannan, yana cewa wace irin ƙasa ce za a kai mata yarinya babu igiya a kanta? Da ƙyar Inna ta lallashe shi. Na ƙirga da yatsa a kalandar kicin ɗin Hajiya, kwanakina suna cika ranar 18 ga Yuni.

Ni a zatona aure ai waliyyi ne da sadaki da shaidu, a raba goro da alawa, a watse. Sai ga Yaya wata ranar Talata, 11 ga Afrilu, ya ce in ɗauko fasfona za mu kotu. Gabana ya faɗi. A gidanmu in aka ce ango da amarya sun tafi kotu, to zance ya lalace. Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "'Yata, a nan da kotu ake farawa. Lasin za ku karɓo."

Ohayo tana da gundumomi 88, su suna ce musu kaunti, kusan kamar ƙananan hukumomi a wajenmu, kuma kowace da kotun gadonta. Wannan kotun ce mai duba wasiyya da rabon dukiyar mamaci da riƙon marayu da canjin suna, ita ce kuma mai ba da lasin aure. Mazaunin jihar a gundumar da yake zaune zai nema, kuma dole ango da amarya su je da ƙafarsu, babu aike. Muka wuce na'urar bincike a ƙofa, ɗan sanda ya sa na ajiye jakata a faranti, muka hau bene. A bencin da muka zauna, damana wata mata ce da jajayen idanu riƙe da fayil ɗin mijinta da ya rasu, hagu kuma saurayi da budurwa ne suna ta ɗaukar kansu hoto.

Akawun wata Baturiya ce mai furfura, tabarau rataye a wuyanta. Ta sa muka ɗaga hannun dama muka yi rantsuwa cewa gaskiya za mu faɗa, sannan ta shiga tambayoyi tana bugawa a kwamfuta: suna, shekaru, inda aka haife mu, sana'a, sunan uba, ko ɗayanmu ya taɓa aure. Wanda ya taɓa aka rabu, sai ya kawo takardar kotun da ta raba auren, da lambar shari'ar. Mu ba mu da wannan matsalar. Da ta zo kan sunan mahaifiya na kafin aure, na tsaya ina kallonta. Inna dai sunanta ɗaya tun ranar da aka yanka mata rago, aure bai taɓa shi ba. Kuma ni ban taɓa buɗe baki na kira sunan nan a gaban mutane ba. A ƙasan maƙoshi na faɗe shi, sai da ta ce in maimaita, in kuma jero mata haruffansa ɗaya bayan ɗaya.

Sai ta tambaya ko akwai dangantaka ta jini tsakaninmu. Ni kuma da rawar jiki, ga Turancin sakandare yana cina, na riga Yaya amsawa. Na ce mata ƙwarai kuwa, ai yayana ne.

Hannunta ya tsaya cak a kan madannai. Ta ɗaga tabarau ta saka, ta dube ni, ta dube shi. Yaya ya taka mini ƙafa ta ƙarƙashin kanta. Ashe dokar Ohayo ta hana auren ɗan wa da 'yar ƙani, ko 'ya'yan mace da na namiji, wato auren zumuncin da rabin gidanmu a kansa aka ginu. Mafi kusa da ta yarda da shi shi ne jikokin wa da ƙani. Ni kuma na je na ce ciki ɗaya muka fito, don Bature in ka ce masa ɗan'uwa, abin da yake ji ke nan.

Yaya ya zaro ambulan daga aljihu, ya juya bayansa, ya karɓi bironta. Ya zana da'ira biyu a sama, ya ce wannan kakarsa ce, wannan tawa, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ya ja layi ƙasa, ga mahaifinsa, ga Inna. Ya sake ja, ga shi, ga ni. Ya yi mata bayanin cewa a harshenmu duk namijin da ya girme ka a dangi yaya ne, ko da a ina aka haɗu. Matar ta bi zanen da kan biro tana ƙirga hawa-hawa, sau biyu. Ni dai ina tsaye zufa na bin bayana cikin rigar sanyi, ina tuna kuɗin jirgi da tafiyar Legas neman biza da idon mutanen unguwarmu in aka dawo da ni. Can ta ce haka ya yi daidai da doka. Da kakannin nan biyu su ne iyayenmu, da a ranar zance ya ƙare a jihar nan.

Muka biya, muka sa hannu, ta miƙo takardu da ambulan mai adireshin kotun. Babu gwajin jini, babu jiran kwanaki, ko a ranar muka so sai a ɗaura. Ta dai ja kunnenmu kan abu biyu. Lasin kwana 60 yake yi ya mutu. Wanda ya ɗaura auren kuma shi zai sa hannu ya mayar wa kotu takardar cikin kwana 30. Na ji na farkon da kyau. Na biyun ta bayan kunnena ya wuce, don hankalina yana kan ƙafata da ke zafi. A mota Yaya bai ce mini uffan ba sai da muka kusa gida, ya ce, "Daga yau in ana magana da hukuma, ki bari a gama tambayar tukuna." Har gobe in yana son tsokanata ƙanwata yake ce mini a gaban baƙi.

Ba kowane malami ne zai ɗaura aure hukuma ta karɓa ba. Sai alƙali, ko magajin gari, ko malamin addinin da ya yi rajista a ofishin sakataren jiha. Dattijon da Hajiya ta so ya ɗaura ba shi da rajistar, sai aka nemo limamin wani masallaci da ke da ita. Ranar Asabar 29 ga Afrilu bayan azahar aka ɗaura. Baffa ya wakilta mijin Hajiya ta waya, aka jingina wayar da butar shayi yana kallo daga Zariya, ana ta yankewa ana sake kira. Matan zango suka dafa wake da shinkafa irin nasu, mai jan launi da baƙin yaji, na ci ina hawaye, rabi na yaji rabi na kewar Inna. Malam ya ba mu wata takarda mai kyau, gefenta ruwan zinare, da ayar Alƙur'ani a sama. Na saya mata firam na rataye a falo. Ni a wajena an gama.

Azumi ya kama a ƙarshen Mayu. Muna cikinsa Yaya ya zauna haɗa takardun neman katin zama, wanda ake cike masa fom I-485. Na sauko da firam ɗina na ajiye masa a gaba. Ya ce wannan ta ado ce, hukumar shige da fice ba ta san ta ba, wadda ake so ita ce kwafin da kotu ta buga wa hatimi. Ranar Litinin 5 ga Yuni muka koma benen nan, bakinmu da azumi.

Wani saurayi muka tarar a kantar ajiyar bayanai. Ya buga sunan Yaya, ya buga nawa, ya juya su gaba da baya. Ya ce yana ganin an ba mu lasin ranar 11 ga Afrilu, amma babu abin da ya nuna an yi amfani da shi. Takardar ba ta dawo ba.

Na ce masa mutum ya fi hamsin a wurin, akwai hotuna, akwai bidiyo, har na fara laluben waya. Cikin ladabi ya ce ya yarda da ni, amma shi abin da ke cikin littafi yake bayarwa, littafin kuma bai san an yi ba. Wata guda da 'yan kwanaki ina gidan miji, ina dafa masa sahur, a wajen gwamnati kuwa har yanzu baƙuwa ce mai jiran aure, saura kwana 13 izinin zamana ya ƙare. Na samu benci na zauna don ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

A nan na ga abin da har yau yake dawo mini. Wani tsoho Bature yana gefe, an fito masa da wani ƙaton littafi mai bangon fata, rubutun hannu ne da tawada ta koɗe. Auren kakanninsa yake nema, na shekara fiye da ɗari. Da ya samu sai ya ɗora yatsa a kan layin, ya juyo yana nuna mini ni da bai sani ba. Na tuna auren Inna da mahaifina, Allah ya jiƙansa. Maroƙi ne ya yi shela, waɗanda suka shaida kusan duk sun kwanta dama, babu ko ƙyallen takarda. Ba wanda ya taɓa shakkar auren nan a Zariya, amma jikana in ya tashi nema, ban san inda zai ɗora yatsa ba.

Yaya ya kira Malam, waya a kashe. Aka ce ya tafi Umara, sai bayan salla. Salla kuwa tana bayan 18 ga wata. Daren nan ko ruwan buɗa baki da ƙyar ya wuce mini. Hajiya ce ta ɗaura gyale bayan tarawihi ta ce in taso, ba a zama da matsala a ɗaki. Muka je gidan Malam, matarsa ta karɓe mu, Hajiya ta ce, "Malama, ki yi wa Allah ki duba mana, auren yarinyar nan ne a cikin ambulan." Muka zazzage durowar teburinsa, muka duba aljihun rigunan da ya bari. Babu. Ɗansa ne, yaro ɗan shekara kamar sha biyu, ya ce Abba yana cusa wasiƙu a bayan abin kare rana na mota. Aka kunna fitilar waya aka buɗe motar. Ga ambulan nan tsakanin rasit ɗin mai da takardar inshora, an sa hannu, an rubuta 29 ga Afrilu, har kan sarki an manna. Jefawa a akwatin gidan waya kawai ya manta. Ban riƙe shi a zuciya ba, mutum ne mai hidimar jama'a, amma na rantse ban ƙara yarda wani ya aika mini takarda ba.

Washegari da sassafe Yaya ya ɗauki hutun rabin yini muka kai da hannunmu. Baturiyar nan mai furfura muka tarar. Ta gane mu, ta yi murmushi ta ce, a'a, yaya da ƙanwa. Ta duba ranar ɗaurin, ta ga tana cikin kwana 60 na lasin, ta karɓa ta shigar. Kowane kwafi da ɗan kuɗinsa, Yaya ya ce a ba mu biyar: na shige da fice, na ofishin lambar zaman ƙasa, na inshorar lafiya a wurin aikinsa, ɗaya a ajiye, ɗaya kuma nawa. Farar takarda ce ba ado, ko kusa da ta Malam ba ta kai kyau ba. Sai dai a ƙasanta akwai hatimin da aka matse ya yi tudu, na yi ta shafa shi da babban yatsa har muka isa mota. Sunana yana nan da na mahaifina, ban canja ba, ba kuma wanda ya ce sai na canja.

Nawa kwafin na ba wani mai tafiya Kano ya kai wa Inna. Da ya isa ta kira ni, ta ce ta sa ƙanina ya karanta mata, ta ji har sunanta a ciki. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke yanzu a gaban Turawa kika kama sunana?" Ta ce ta naɗe shi a leda ta sa a ƙasan adaka, tare da takardar gidanmu.

Muka aika takardun katin zama saura kwana tara. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin ranar ganawa, inda jami'in ya ce in faɗi cikakken sunan mijina da bakina, alhali Yaya yana zaune a gefena.