Na auna itacen da na dasa, sai na fara shakkar takardar kabon

Ranar da nake sayen tikitin jirgi ta intanet, kafin in kai wurin biyan kuɗi, sai ga wani ɗan akwati da hoton ganye a gefensa. An rubuta cewa idan na ƙara 'yan kuɗi kaɗan, za a "goge" hayaƙin da tafiyata za ta fitar ta hanyar tallafa wa wani daji. Na danna, na biya, raina ya yi fari. Sai bayan kwana biyu tambaya ta fara cina: wane daji ne, ina yake, kuma wa ya ƙidaya abin da ya sha?

Ina da itace guda da na dasa da hannuna shekara goma da suka wuce. Ran nan na ɗauki tef ɗin awo na zagaya gindinsa daidai ƙirjina, don masana daji a tsawon mita 1.3 daga ƙasa suke awo. Na kimanta tsayinsa, na yi lissafin da ake yi, ya ba ni wajen kilo 200 na busasshen itace. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, wato kilo 100 ke nan. Kowane kilo na kabon kuma yana daidai da kilo 3.67 na iskar kabon da ke sama. Jimilla kilo 367. Takardar kabon kuwa, wato shaidar da ake saye a kasuwa don a ce an goge hayaƙi, guda ɗaya tan ɗaya na iskar kabon take wakilta, kilo 1,000. Shekara goma ina ban ruwa, ina kare shi daga dabbobi, amma bai kai rabin takarda ɗaya ba. Doguwar tafiya a jirgi, zuwa da dawowa, tana iya wuce tan ɗaya a kan fasinja guda.

Na daɗe tsaye a inuwarsa da tef a hannu. Ban raina shi ba ko kaɗan. Ranar ce ma na fara jin nauyin abin da ake nufi idan an ce duniya na fitar da tan biliyan 37 ko kusa da haka a kowace shekara daga kwal da man fetur da gas.

Kasuwar kanta ba wuyar fahimta gare ta. Ana kiranta ta sa-kai don babu dokar da ta tilasta wa kamfani saye. Wani ya dasa itatuwa ko ya tsare daji, masu tantancewa su duba, hukuma irin Verra ko Gold Standard ta yi rajistar takardun, dillali ya sayar wa kamfanin da ke son cewa ya biya diyyar hayaƙinsa. A 2021 cinikin ya kai kusan dala biliyan 2. Zuwa 2023 ya faɗo ƙasa da dala biliyan ɗaya.

Ba a wurin dashe gizo ya fi yin saƙa ba. Takardu masu tarin yawa ba na sabon itace ba ne, na dajin da aka ce "da ba don mu ba da an sare shi" ne. Tsarin da ake kira REDD+ ke nan. Ka ga a nan abin da ake sayarwa shi ne abin da bai faru ba. Mai aikin zai ce da an bar dajin nan, da kashi kaza zai tafi cikin shekara ashirin. Duk yadda ya kambama wannan hasashe, haka yawan takardunsa zai ƙaru. Mai tantancewa kuma, shi mai aikin ne ke biyansa. Mai saye yana son araha. To wa ke da ribar cewa lissafin ya yi yawa? A cikin su ukun babu ko ɗaya.

A watan Janairun 2023 jaridar Guardian ta Ingila da Die Zeit ta Jamus da ƙungiyar 'yan jarida ta SourceMaterial suka fitar da binciken da ya ce fiye da kashi 90 cikin 100 na takardun dazuzzukan kurmi da Verra ta amince da su, da alama ba su wakiltar wani ragi na gaske. Verra ta musanta, ta ce hanyar binciken na da kuskure. Duk da haka shugabanta David Antonioli ya sauka a wannan shekarar, kuma hukumar ta sake fasalin yadda ake yin hasashen. A watan Oktoba kamfanin South Pole na Suwizalan, dillalin takardun kabon, ya janye daga aikin tsare daji na Kariba a Zimbabuwe, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, bayan rahotanni sun nuna an fitar da takardu fiye da kima.

Abin da ya fi damuna ma shi ne lokaci. Man da jirgin nan ya ƙona ya yi miliyoyin shekaru kwance a ƙarƙashin ƙasa, kuma wani kaso na hayaƙinsa zai zauna a sama ɗaruruwan shekaru, har ma dubbai. Itace kuwa ajiya ce aka ba shi, ba halak malak ba. Gatari, fari, ƙwari ko wuta, kowanne na iya karɓe ajiyar a wuni ɗaya. A 2021 gobarar Bootleg a jihar Oregon ta Amurka ta cinye sama da hekta 160,000, ciki har da dajin da an riga an sayar da takardunsa. Akwai wani kaso na takardun da ake warewa a gefe saboda irin wannan asara, amma ɗumamar yanayin da ake yaƙa da ita ce ke ƙara yawan gobarar.

Kada a ce ina adawa da biyan kuɗi don daji. Wallahi ba haka ba ne. A Gazi da ke gaɓar tekun Kenya akwai aikin Mikoko Pamoja, inda mutanen gari ke tsare itatuwan bakin teku da ake kira mangurof tun wajen 2013. Irin waɗannan itatuwa suna binne kabon mai yawa cikin taɓon da ke ƙarƙashinsu. Aikin ƙarami ne, 'yan dubban tan ne a shekara, kuma kuɗin ya tafi ga ruwan sha da littattafan makaranta bisa shawarar mutanen da kansu. Wanda ya bar gatarinsa ya zauna gadin daji ya cancanci lada, kuma waɗanda suka fi cika sama da hayaƙi su ya kamata su biya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kalmar "gogewa". Kamfani ya ce ya ba da gudummawa don a tsare daji, wannan magana ce ta gaskiya. Ya ce saboda haka hayaƙinsa ya zama sifili, wannan kam a'a.

Ana ƙoƙarin gyara, ba a zauna ba. Majalisar ICVCM, mai sa ido kan ingancin takardun kasuwar sa-kai, ta fitar da ƙa'idojin inganci a 2023, sannan a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, COP29, da aka yi a Baku a 2024, ƙasashe suka amince da dokokin cinikin kabon ƙarƙashin sashe na 6 na yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi. Ina fatan su yi tasiri.

Da na sake sayen tikiti, akwatin nan mai ganye ya sake bayyana. Wannan karon na bi mahaɗin da ke ƙarƙashinsa har na samo sunan aikin da lambar rajistarsa, na buɗe bayanansa mai shafuka sama da ɗari. Abu uku na nema: dashe ne ko hasashen hana sara, shekara nawa aka yi alkawarin tsare dajin, kuma kashi nawa na kuɗin ke isa hannun mutanen da ke zaune a wurin. Na farko da na biyu na samu. Na uku na karanta har shafin ƙarshe ban gani ba, sai na bar akwatin ban danna ba, na rubuta musu wasiƙa ina tambaya.