Lambar da ta hana ni barci: 2,147,483,647

Daren jiya ina koyon rubuta manhaja a kwamfuta, na sa wata lamba tana ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya, kawai sai na ga ta kai 2,147,483,647, na ƙara 1 a kai, wallahi maimakon ta ci gaba sai ta koma -2,147,483,648, wato ƙasa da sifili. Na zauna ina kallon sikirin shayina har ya huce. Ashe nan ne iyakar abin da gurbin ajiyar lamba mai bit 32 zai iya riƙewa (bit shi ne ɗan wurin da kwamfuta ke ajiye 0 ko 1), bit ɗaya na nuna ko lambar sama da sifili take ko ƙasa, sauran 31 su ke ɗaukar adadin.

Wannan lamba fa ba ƙaramar aba ba ce a wajen masana lissafi. In ka ninka 2 da kanta sau 31 ka cire 1, ita za ka samu, kuma babu lambar da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Lambobin da ake samu ta ninka 2 da kanta a cire 1 ana kiransu lambobin Mersenne, sunan wani malamin coci ne ɗan Faransa, kuma ba duka ke fitowa haka ba, gwada ninka 2 da kanta sau 11 ka cire 1, za ka samu 2047 wadda 23 sau 89 ce, ta rabu. Tamu ita ce ta takwas a jerin lambobin Mersenne da ba su rabuwa, ita kanta 31 ɗin ma tana cikin jerin.

Amma abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne wanda ya tabbatar da cewa lambar tamu ba ta rabuwa, masanin lissafi Leonhard Euler, a 1772 a birnin Saint Petersburg na Rasha, lokacin idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya, ba kwamfuta ba kalkuleta. Bai tsaya gwada lambobi biliyan biyu ba, ya san in akwai mai raba ta to dole a same ta ƙasa da 46,341, kuma duk mai raba wannan lamba sai ta zama 62 sau wani abu a ƙara 1, da haka ya rage aikin ya gwada 'yan kaɗan da suka saura. Ni da idona biyu da laftof a gabana ban taɓa tunanin wannan dabara ba, gaskiya mutumin nan ya cancanci a girmama shi.

Kuma lambar na jiran mu a gaba. Tsofaffin na'urori da yawa suna ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairu 1970, ƙirgar za ta cika 2,147,483,647 ranar 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 3:14 na dare agogon GMT, duk wadda ba a mayar da ita bit 64 ba agogonta zai koma Disamba 1901, irin dai abin da ya faru a sikirin ɗina jiya.